Hancin da Muka Gasa Ni da Kaka

Har yau idan na shiga gidan haihuwa na ga tsohuwa ta shimfiɗa tafin hannu a kan garwashi, ta lakato man shanu za ta kai hancin jariri, sai in ji raina ya tashi. Jikokina sun san ni da wannan, dariya suke yi mini. Wai ga Hajiya za ta fara wa'azin hanci. To, ku yi dariyarku, amma ku dubi fuskata da kyau tukuna.

A wani ƙauye na tashi a gindin dutse, tsakanin Ibohamane da Garhanga, a hannun kakata ta wajen uba. Babana ya rasu ina da shekara huɗu, mahaifiyata ta yi wani aure can nesa, aka bar ni wurin tsohuwa. Ban riƙe fuskarsa ba. Hoto kuwa, wa ya san hoto a ƙauyenmu a lokacin? Abin da na sani shi ne abin da kowa ke faɗi, cewa hancinsa ne a fuskata. Ba siriri ba ne irin na Fulani, yana da kauri, amma dogo ne tsayayye, da ɗan tudu a tsakiya. Tsofaffin da ba su taɓa ganina ba sukan tare ni a kasuwa su ce, "Ke ɗiyar wane ce ko? Hancin ga ba ya ɓuya." Gona ta tafi hannun ƙannensa, rigunansa an raba, ni wannan ne gadona.

Kaka kuma cewa take aikinta ne. "Hanci ba haihuwa tai akai ba, yi nai akai," in ji ta. "Na ubanki ni na yi shi, naki ma ni na yi shi. Kwana arba'in ina gashi ina ja." Kullum bayan la'asar, idan na gama surfe, sai ta kira ni ta kama haɓata ta ɗaga, ta yi ta kallo. Tun ina ƙarama na gane ba ni take kallo ba. Ban damu ba, daɗi ma nake ji. Sai in ce, "Kaka, ki biya kuɗin kallo," ta ce, "Ja'ira, tashi ki ba ni wuri."

Shekaru kaɗan bayan ƙasa ta samu mulkin kai, ina da wajen shekara goma sha bakwai, abin ya faru. Da bazara ne, rijiyar kwari ta cika da garken masu kiwo. Na duƙa ina ɗaure bakin salka, wata jar saniya mai dogon ƙaho tana tsaye kusa da ni. Ba ma da ni take ba, ƙuda take kora. Ta wurga kai ɗaya, na ji ƙas a tsakiyar fuskata, na zauna daɓas cikin caɓi. Ƙahon ya karya ƙashin, ya tsaga hancin daga gefen hagu har zuwa baki. Mai saniyar, wani dattijo, yana ta salati yana kuka kamar shi aka soka.

Aka kira wanzamin garinmu. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gaskiya. Ya ɗaga tsumman ya duba, ya mayar, ya ce wannan ya fi ƙarfin askarsa, a kai ni wurin lokotoro, wato likita. Baffa, ƙanin babana, shi ya ɗora ni a jaki har bakin hanya, muka samu kamiyo, babbar motar kaya, da ya ɗauko buhuna, muka yi kudu wajen Madawa. Kowane rami motar ta faɗa sai na ji shi a ƙwaƙwalwata.

A gidan likitan akwai wani lokotoro Bature da ke aikin fiɗa, da wani ma'aikaci Bahaushe mai yi masa tafinta. Suka sa ni barci. Na farka na ji an toshe mini hanci da auduga, an ɗora wani farin abu mai tauri a kai, ina numfashi ta baki kamar akuyar da ta sha gudu. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata Bafulatana sa'ata, ita faɗuwa ta yi daga kan bijimi ta daki dutse. Rana ɗaya aka yi mana aiki. Tana jin Hausa sosai, muka saba, har furarta take raba mini, ni kuma ina tsefe mata kai.

Ranar da aka cire mana ɗaurin, ita aka fara cire wa. Na leƙa na ga hanci ya fito ɗas, ɗan kumburi kaɗan da baƙi a ƙarƙashin ido, shi ke nan. Na ce alhamdu lillahi, ashe abin mai sauƙi ne. Aka zo kaina. Na ga Baffa ya kau da kai, na ce a ba ni madubi. Wayyo Allah! Wani dunƙulallen abu na gani a tsakiyar fuskata, jajir yana ƙyalli, kamar an dasa mini albasa. Ba tudu, ba tsini, ba komai.

Nan take na tayar da hankalin ɗakin. Na ce an yi son kai, an gyara na Bafulatana an bar nawa. Lokotoro bai ji haushi ba. Ya kama fatar hancin yarinyar da yatsu biyu a hankali, ta ɗago siririya. Ya zo nawa, ba abin da ya kamu. Ya yi ta magana, tafinta ya juya mini.

"Ya ce aikin ciki iri ɗaya ne, naki ma ya fi nata zama daidai. Bambancin a fata yake. Kin san fatar akuya da ta sa? In an shanya su tare, wacce ke riga bushewa? To ita fatar akuya gare ta, ke ƙirgin sa gare ki. Fata mai kauri tana riƙe ruwa, ba ta kwanciya a kan ƙashi da wuri."

"Ni ce sa?" na ce.

"Ke ce mai taurin kai, dai. Saurara. Shekara guda za ki ba shi, ko fiye. Kuma ki gode Allah, fata mai kauri tana rufa wa ƙashi asiri, siririya kuwa komai ƙanƙantar karkata sai ta nuna. Kada a taɓa, kada a ja, kada a matsa. Kada wuta ko ruwan zafi su kusance shi, don fatar wurin barci take yi yanzu, ko ta ƙone ba za ki ji ba. Bayan damina ku dawo."

Sau biyu ya faɗa, ya sa Baffa ya maimaita. Da kunnena na ji. Wannan nake so a riƙe, don kada wani ya ce ba a gaya mana ba.

Da muka isa gida Kaka na zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta ajiye mazari, ta shige ɗaki. Ko sannu da hanya ba ta ce ba. La'asar ta yi, na gama surfe, na yi ta jan jiki a tsakar gida ina jira a kira ni. Ba a kira ni ba. Gobe ma haka, jibi ma haka. Tana ba ni abinci, tana tambayar jikina, amma idonta na kan kafaɗata ko kan ƙasa. Ƙahon saniya bai yi mini ciwo kamar wannan ba.

A kwana na huɗu ta ce, "Taho in gasa miki shi."

Baffa yana nan yana gyaran kalmensa na noma. Ya ce, "Inna, lokotoro ya hana. Ya ce ko hannu kada a sa."

"Lokotoro ɗiya nawa ya haihwa? Hanci nawa ya ja? Kumburi in ba gashi ba mi a maganinai? Mai jego gashi, targaɗe gashi, jinjiri gashi. Sai wanga ne za a zura mai ido shekara guda?"

"Inna, don Allah ki bari."

"Na bari. Ku da Baturenku."

Ni ma a ranar bayan Baffa na bi. Na ce mata ba mai taɓa mini fuska. Ta ce to, uwar 'yan boko, ta ci gaba da kaɗinta.

Amma haƙuri a baki yake da sauƙi. Kullum da safe sai na ɗauko ɗan madubin da ke cikin murfin gwangwani in fita haske in duba. Jiya i yau. Wani lokaci ma, idan na yini a rana ko na yi daka, sai ya ƙara hawa. Na auna shi da zare, na ƙulla, na sake aunawa bayan mako, zaren bai ragu ko ƙwayar gero ba. A rijiya 'yan mata suka sa mini Mai Albasa. Wata ta tambaye ni nawa nake sayar da tulin albasar. Na ajiye tuluna na kama ta da kokawa har zanenta ya yage, aka kai ƙarata gida. Tsohon da ke sayar da gishiri a kasuwa, wanda kullum yake ce mini ɗiyar wane, ya dube ni ya ce, "Yarinya, daga wane gari?" Na bar masa gishirinsa na tafi.

Abin da ya ƙarasa ni kuwa a kasuwar Ibohamane ne, wajen wata guda da rabi da dawowarmu. Ina ratsa layin masu nono sai na ji an kira ni. Bafulatanar nan ce, zaune a bayan ƙwaryarta. Ta tashi ta rungume ni da murna. Hancinta ƙal, kamar ba abin da ya taɓa samunsa, sai ɗan layi da sai ka matso za ka gani. Ita ba ta yi mini laifin komai ba, baiwar Allah, har nono ta cika mini kyauta. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Ayya, naki bai sauka ba har yanzu?" Rana ɗaya, wuƙa ɗaya, hannu ɗaya! Duk hanyar gida ina tafe ina zagin fatata, ina zagin saniya, ina zagin tafinta da ƙirginsa. Nonon ma a gindin wata bagaruwa na zubar.

Ina shiga gida na tarar Baffa ya tafi gona sharar wuri. Na ce, "Kaka, hura wuta."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta tashi da sauri kamar yarinya, ta kawo kasko da garwashi da ɗan man shanu a sakaina. Ta zaunar da ni a gabanta, ta kama haɓata ta ɗaga. Wata guda da rabi rabon da ta yi haka. Hawaye suka zubo mini, ta ɗauka zafi ne, na ce a'a, ci gaba. Ta ɗumama hannu, ta shafa mai, ta matsa gefe da gefe, ta ja ƙasa a hankali, tana 'yar waƙar da take yi wa jarirai. Safe da yamma muke yi, duk lokacin da Baffa ba ya nan.

Kwana uku ban ga canji ba. Na ce hannu ba ya isa, a sa tsumma da ruwan zafi. Aka sa. Kwana biyu, shiru. Na ce ruwan ba ya da zafi.

"Da zahi, ɗiyata. Hannuna ma da ƙyar ya ɗauka."

"Ni ban ji komai ba."

"Jinjiri in ya ji zahi kuka yakai, sai in ɗaga hannu. Ke kin yi shiru, ban san inda zan tsaya ba."

"To ba na ce miki ban ji ba? Tsufa ne ya sa ki tsoro."

Nan ne fa. Duk gashin da Kaka ta yi a duniya, kukan yaro ne ma'auninta. Ni kuwa fatar wurin a mace take, kamar yadda aka gaya mini sau biyu, kuma a lokacin ko tunawa ban yi ba. Da na ga tana ɗari-ɗari, sai na fizge tsumman daga hannunta. Na tsoma shi a tukunyar da ke tafasa, na ɗan matse da bakin ludayi, na danna a gefen hagu inda ɗinkin yake, wurin da ya fi kumbura. Yatsuna suna ƙuna, hancin bai ce uffan ba. Na riƙe, na sake tsomawa, na sake dannawa. Kaka tana cewa ya isa, ya isa, ina ce mata ta bar ni.

Da safe wurin ya ɗuri ruwa fal. Kafin azahar ya fashe, fatar ta saluɓe. Muka dubi juna ni da Kaka. Ta daka bagaruwa ta barbaɗa, ta shafa man shanu, na rufe fuska da mayafi na ce wa Baffa rana ce ke damuna. Kwana biyar muna ɓoyewa, garin neman gira muna ta rasa ido. A na shida ɗinkin ya buɗe, ruwa mai wari yana fita, zazzaɓi ya rufe ni. Baffa ya yaye mayafin ya gani. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba sai ranar. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce." Ina kwance ina ji, ban buɗe baki na ce ni na riƙe tsumman ba.

Kuma sai ruwa ya sauka. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da korama ke yi wa hanya da damina. Mota ta daina zuwa, jaki ba ya ƙetarewa. Wanzami ne ya riƙa zuwa yana wanke mini da ruwan gishiri, yana girgiza kai. Ya ce shi da ya yi wa ɗaruruwan yara aska ya sani, wata fatar in ta ji rauni kwanciya take, wata kuwa tashi take ta yi gudaji, kuma tun ina jaririya ya san tawa mai tashi ce. Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce wa ya tambaye shi?

Sai bayan an yanke gero muka koma. Ciwon ya warke, amma ya warke yadda ya ga dama. Tabo ya yi kauri ya yi tauri a gefen hagu, ya janye ƙofar hancin sama, ya karkato da tsinin. Lokotoro ya daɗe yana dubawa. Ya juya fuskata dama, ya latsa, ya kira tafinta ya nuna masa. Tafinta ya riƙe baki, ya juyo gare ni.

"Kin ga nan? Wajen da ba ku ƙona ba ya fara sauka. Ga ƙashin nan yana fitowa daidai yadda aka jera shi. Ke wace irin yarinya ce? Da kin naɗe hannu kawai, da ya warke daidai!"

Na ce a sake yankawa a gyara. Aka ce a'a. Fata irin tawa, in ta riga ta yi wannan tabo, kowace wuƙa aka ƙara wani tabon za ta haifa, wataƙila wanda ya fi wannan. Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ce ba zan fita ɗakin ba. Baffa ya kama hannuna ya ja ni waje kamar tunkiya.

Abin haushin, maganarsu ba ta faɗi ƙasa ba ko ɗaya. Bazara ta zagayo, kumburin ya tafi sarai. Na sake haɗuwa da Bafulatanar a kasuwa, na ga ɗan ƙashi ya turo a gadon hancinta, siririyar fatar ta kasa rufe shi. Ita ko a jikinta. Ni kuwa idan na riƙe madubi ta dama, ga hancin babana nan cif, da tudunsa da tsayinsa, ba abin da ya ragu. Idan na juya hagu, ga aikin hannuna. Shekara ɗaya tak aka roƙe ni. Na yi shekara sittin da wani abu ina ɗauke da wannan fuska, kuma har yau idan na lissafa sai in ji kamar in mari kaina.

Kaka ta koma kirana bayan la'asar. Sai dai yanzu idan ta kama haɓata, juya ta take yi a hankali har sai gefen dama kaɗai take gani. Wurin zamanta ma ya canja. A tabarma, a wurin biki, a bakin murhu, kullum tana hannun damana. Na lura, kuma ya ci mini rai ƙwarai. Wani lokaci da gangan nake tashi in koma ɗaya gefen, in juya mata tabon, sai ta ce hayaƙi na damunta, ta tashi ta zagayo. Shekara shida muna wannan zagaye. Ban taɓa ce mata komai a kai ba, ita ma haka. Har na yi aure a garin, na haihu, tana damana.

Ciwon ajalinta da rani ya zo. Wata ranar da hantsi aka aiko mini cewa tana nemana. Na tarar da ita kwance a kan gadon kara, ta zama 'yar mitsitsiya. Na zagaya na zauna yadda za ta ga gefen dama, don na ce yau dai ba ranar taurin kai ba ce, bari ta ga ɗanta. Ta ɗago hannu da ƙyar ta kama haɓata. Sai na ji tana tura fuskata ɗaya wajen. Na ɗauka ƙarfi ne ya gaza mata, na mayar. Ta sake turawa.

"Juyo, ja'ira."

Na juyo mata da tabon. Ta daɗe tana kallo, ta bi shi da babban yatsa tun daga sama har ƙofar hancin da ta janye. Hannunta sanyi ƙalau.

"Wancan na ubanki ne," ta ce. "Wanga ni na yi miki shi. Ki gahurta mini."

Na ce, "Kaka, ni na riƙe tsumman. Ke cewa kike ya isa."

"Ni na hura wutar."

"Ni na ce ki hura."

"To, yi ta gardama," in ji ta. "Halin ma nashi ne."

Ba ta saki haɓata ba, ni ma ban juya ba. Muna nan a haka har matar Baffa ta shigo da kunu, ta ajiye ta fita. Kafin la'asar Kaka ta cika, kuma gefen hagu take kallo.